"Kaina Ne, Ina Ruwan Hukuma?"

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata ƙirarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, babur ya zama jakin wannan zamani. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Ƙonni, shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai ciki asibiti, shi ke ɗauko buhun hatsi daga kasuwar ƙauye, kuma gidaje masu yawa ba a ɗora tukunya cikinsu sai ɗan kabu-kabu ya komo da yamma. Amma wanda ya tsaya ƙofar masallacin Juma'a ya dubi baburan da ke jere, zai gaji da ƙirga su kafin ya ga hular kwano ƴan ƙalilan rataye a kansu. In ka tambayi mutum dalili, amsa ɗaya ce ta fi yawa: kaina ne, in ya fashe ni ya fashe wa, ina ruwan hukuma?

Wannan magana tana da nauyi, bai kamata mu yi mata dariya ba. Akwai ƙasashen da aka kafa ƙungiyoyi a kanta, aka je kotu, aka canza dokoki, har wani ya mutu a kurkuku saboda ita. Ya kyautu mu ji ta daga bakin waɗanda suka fi kowa iya tsara ta, sannan mu ɗora ta a sikeli.

Asalin wajabta hular daga wurin likita ya fito. A shekarar 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi daga babur ɗinsa, kansa ya bugu, ya yi kwana shida bai farfaɗo ba, ya mutu. Cikin likitocin da suka duba shi akwai Hugh Cairns, masanin aikin ƙwaƙwalwa. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Cairns ya lura da yawan sojojin da ke kai saƙo bisa babura suna mutuwa da raunin kai, ya yi rubutu a kan haka a 1941, kuma a shekarar nan rundunar sojan Ingila ta wajabta wa mahayanta hula. Jahar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya ce ta fara ɗora dokar a kan farar hula a 1961.

A Amurka, majalisar ƙasa ta yi dokar kiyaye hanya a 1966, wadda ta ba gwamnatin tarayya ikon riƙe wani kaso na kuɗin gina hanyoyi daga duk jahar da ba ta wajabta hular kwano ba. Kafin 1975 jaha 47 cikin 50 sun bi. To a nan ne mahaya suka tashi. A farkon shekarun 1970 aka kafa ƙungiyoyin da ake kira ABATE, sunan da asalinsa ke nufin ƴan'uwantaka mai adawa da dokokin kama-karya. Takensu shi ne a bar mai hawa ya zaɓa wa kansa. Suka riƙa yin jerin gwano da kai buɗe, suna cika harabar majalisu, suna zama da wakilansu ɗaya bayan ɗaya, har a 1976 majalisar ƙasa ta ƙwace wancan iko daga hannun gwamnatin tarayya. Cikin shekara huɗu, fiye da rabin jahohi suka soke dokar ko suka taƙaita ta ga yara. Mahayan da ke mutuwa a shekara suka tashi daga wajen 3,300 a 1976 zuwa sama da 5,000 a 1980, ko da yake adalci ne a ce yawan baburan ma ya ƙaru a wannan tsakani. Jahar Luwiziyana ta taƙaita dokar ga yara a 1976, ta maido ta a 1982, ta sassauta ta a 1999, ta sake maido ta a 2004, kamar mai shiga rijiya yana fita. Yau jahohin da suka wajabta wa kowa da kowa hula ba su kai ashirin ba.

A Ingila kuwa dokar ta fara aiki a 1973, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar MAG don yaƙi da ita. Mutumin da suka fi tunawa shi ne Fred Hill, tsohon malamin lissafi, wanda ya yi aikin kai saƙo bisa babur lokacin yaƙi. Ya ƙi sa hula, ya ƙi biyan tara, aka ɗaure shi sau 31, har ya mutu da ciwon zuciya a gidan kurkukun Pentonville a 1984 yana da shekara 74. Mutum ba ya shiga kurkuku sau 31 don zafin rana ko tsadar hula. Akwai abin da ya yi imani da shi.

Mene ne abin? Wani masanin Ingila, John Stuart Mill, ya tsara shi cikin littafinsa a kan ƴanci a 1859. A taƙaice, yana ganin jama'a ba su da hujjar tilasta wa baligi mai hankali komai sai don hana shi cutar da wani. Amfanin kansa kaɗai bai isa hujjar tilasta masa ba. A yi masa nasiha, a roƙe shi, amma kada a ɗaga masa sanda. Masu babura suka ce: gudu fiye da kima yana kashe wani, shi ya sa muka yarda a hana, tuƙi cikin maye yana kashe wani, a hana, amma kaina da ba hula wa ya kashe? Suka ƙara da cewa hukumar da ta sami damar kiyaye ka daga kanka yau, gobe za ta ƙirga maka cokalin sukari, jibi ta hana hawa babur ɗin gaba ɗaya, tun da hawansa ko da hula ya fi zama cikin mota haɗari nesa ba kusa ba. Kotun ƙoli ta jahar Ilinoyi ta yarda da irin wannan hujja a 1969, ta rushe dokar hular jahar.

Sai dai yawancin kotunan Amurka sun amsa musu da lissafin kuɗi. A 1972 wata kotun tarayya a jahar Masacuset ta nuna cewa wanda ya faɗi, jama'a ke ɗauke shi daga titi, su ke kai shi asibiti, su ke biyan likita, in ya nakasa su ke ciyar da shi da iyalinsa, don haka ba ya iya cewa abin shi kaɗai ya shafa. Maganar gaskiya ce, amma a ganinmu gajera ce. In dai kuɗi ne dukan hujjar, to mai kuɗi ya saye ta. Haka kuwa aka yi: a 2000 jahar Fulorida ta ce wanda ya kai shekara 21, yana da inshorar magani ta dalar Amurka 10,000, ya hau da kai buɗe. Wato an maida ran mutum takardar kuɗin asibiti, wanda ya iya biya ya fita daga ƙarƙashin doka.

Mu a wurinmu, matsalar tana cikin kalmar farko ta maganar, wato "kaina". Yaushe ya zama naka? A wace kasuwa ka saye shi, nawa ka biya? Abin da mutum ya mallaka yana iya sayar da shi, ya kyautar, ya jinginar, ya jefa a rijiya in ya ga dama. Ko cikin masu cewa jikinsu nasu ne, ba mu ji mai hankalin da ya yarda a sayar da kai ba, kuma Mill da kansa ya ce mutum ba shi da ikon sayar da kansa bauta. Ashe su ma sun san akwai iyaka. Abin da muka tashi a kansa shi ne jiki ajiya ce a hannun mutum, an ba shi ya yi aiki da shi zuwa wani lokaci, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe shi. Wanda aka ba ajiyar tukunyar ƙasa, ya ɗora ta bisa katanga ranar iska, ba ya cewa ai a hannuna take. Hanin da ke cikin aya ta 29 ta Suratun Nisa'i da aya ta 195 ta Suratul Baƙara game da ran mutum sananne ne. Mun san Abu Ayyubal Ansari, Allah ya yarda da shi, ya bayyana cewa ta Baƙara ta sauka ne a kan masu son zama wurin gyaran dukiyarsu su bar jihadi, amma malamai tun da daɗewa sun ɗauki faɗin lafazinta suka kafa hujja da shi a kan duk wata kasada da ba ta da dalili.

Ku dubi kuma yadda shari'a ta kimanta kai. Duk almajirin da ya kai babin diyya cikin Risala ya san an bi raunukan kai ɗaya bayan ɗaya an sa musu suna. Wanda ya tone nama har ƙashi ya bayyana, raƙumi biyar. Wanda ya fasa ƙashin har gutsattsarinsa suka gusa, raƙumi goma sha biyar. Wanda ya huda har ya kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya. In kuwa duka ya gusar da hankalin mutum, ko da yana ci yana sha yana tafiya da ƙafafunsa, diyya ce cikakka, raƙumi ɗari, daidai da wanda aka kashe. Malamanmu na farko ba su ga babur ba, amma sun san abin da ke cikin ƙoƙon kai. Hankali shi ne abin da aka rataya wa dukan wajibai. Da shi salla ta hau kanka, da shi kake rarrabe matarka da ƙanwarka, da shi kake tuba. Cikin abubuwa biyar da malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo don ta tsare su, biyu suna zaune a ƙarƙashin hular nan, rai da hankali. In an lura da kyau, sauran ukun ma suna bin su, domin magidancin da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, addininsa ya tsaya, dukiyarsa ta tafi a magani, ƴaƴansa sun zama marayu alhali ubansu yana kwance a ɗaki.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da masu cewa "in na mutu na huta" ba su son tunawa. Ba kowane faɗuwa ke kashewa ba. A unguwanni da yawa akwai saurayin da ya kasance mai ƙarfi, yau uwarsa ke ba shi fura a baki, ko wanda ya tashi da farfaɗiya, ko wanda halinsa ya juya ya zama mai duka da zagi, har matarsa ta rasa ko ta zauna ko ta tafi. A Amurka ana maganar kuɗin gwamnati. A nan ƙasar, gona ake sayarwa, da akuyar tsohuwa, da kayan ɗakin amarya, kuma ƙane ke barin makaranta ya yi jinya. Wa ya nemi shawararsu ranar da mai babur ya zaɓa wa kansa?

Ya kamata mu san yadda abin ke faruwa, don mutum ya fi kiyaye abin da ya gane. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugi kwalta, ƙoƙon ya tsaya nan take, amma ita ƙwaƙwalwar tana ci gaba da tafiya sai ta daki bangon ƙashin daga ciki, kamar nono cikin ƙwarya in mai ɗauke da ita ya yi tuntuɓe. Aikin hular kwano ta gaskiya yana cikin farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawonta. Shi ke murƙushewa ya shanye dukan, ya sa kai ya tsaya a hankali. Saboda haka ne hular da ta taɓa shan duka mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a waje ba, kuma hular magina, wadda aka yi don abin da ke faɗowa daga sama, ba ta tsaya a madadinta. Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane gida ya sani. Ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma jijiyar jini na bi ta ƙarƙashinsa. Wani lokaci mutum ya faɗi, ya suma kaɗan, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ba komai, ya koma gida. Alhali jini na taruwa a ciki yana danne ƙwaƙwalwa. Bayan ƴan sa'o'i sai ciwon kai, sai amai, sai barcin da ba a tashi. Wanda ya bugu a kai ya nuna waɗannan alamu, asibiti za a nufa da shi a lokacin, kada a ce a bari gari ya waye. Wani babban nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2008 ya nuna hula na rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69 cikin 100. Ba ta hana komai da komai, kuma ba wanda ya ce tana hanawa.

To a nan ne mutuminmu zai bar hujjar Ba'amurke ya ɗauko tasa, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in kwana ya ƙare hula ba ta ƙara minti ɗaya. Wannan gaskiya ce da ba Musulmin da ke shakkarta. Amma ku dubi mai faɗinta. Babur ɗinsa da ya ajiye ƙofar masallaci, ya kulle wuyansa, ya zura sarƙa a ƙafar baya, ya sa kwaɗo. Wayarsa ta hannu tana cikin riga, fuskarta an manna mata gilashin kariya. Ashe ɓarawo bai shiga ƙaddara ba, fashewar waya ma ba ta shiga ba, kai kaɗai aka bar wa tawakkali? Wanda ya fi kowa sanin ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita Uhudu a shekara ta uku bayan hijira da sulke biyu a jikinsa da kwalkwali a kansa, kuma a ranar kwalkwalin ya sha duka har ya fashe, zobbansa biyu suka shige kuncinsa mai daraja, sai da Abu Ubaida ya cire su da haƙoransa. A shekara ta takwas ya shiga Makka da nasara, kwalkwali na kansa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito. Sayyidina Umar kuma, da ya ji labarin annoba a Sham, ya juya da jama'arsa daga hanya, ya nuna wa masu gardama cewa komawar ita ma cikin ƙaddara take. Har kakanninmu na nan, barade da ƴan lifidin Damagaram na zamanin Sarki Tanimun, da na Gobir da Katsinar Maraɗi, kwalkwali suke ɗaurawa da gashin jimina a samansa, kuma ba mu ji marokin da ya kira su matsorata ba.

A shekarar 2011, a jahar Niyok, wani mutum mai shekara 55 ya fita cikin jerin gwanon masu adawa da dokar hula, kansa buɗe, ya taka birki, babur ya watsar da shi, kansa ya bugi titi, ya mutu. Ƴan sanda suka ce da yana da hula da alama ya tsira. Jaridun duniya sun yi ta yaɗa labarin cikin sigar ba'a. Mu ba mu yi; dariyar gawa ba halin mutanen kirki ba ce, kuma mutumin yana da ƴan'uwa da suka yi kukansa.

Yanzu sai mu juya ga inda masu babura ke da gaskiya, don suna da ita. Na farko, hula ba ta hana haɗari, tana rage ɓarnarsa ne kawai. Ƙungiyoyin Amurka suna cewa an bar direban mota da ke shan kwana bai duba ba, an bar ramin da ke tsakiyar titi, an bar koyar da tuƙi, an kama talakan da ya fi sauƙin kamawa. Su kansu suna buɗe wuraren koyar da mahaya, kuma wannan abin yabo ne. Hukumar da ta bar titi ba fitila, ta bar yashi ya cinye rabin kwalta, ta bar yaro ɗan shekara goma sha biyu yana tsere cikin unguwa, sannan ta tsaya a mahaɗa tana jiran mai kai buɗe, ta riƙe reshe ta saki gindi.

Na biyu, tsoron da suke yi wa hukuma ba hauka ba ne. Malamanmu ma ba su ba shugaba igiya a sake ba. Ƙa'idarsu ita ce umurnin mai mulki a kan talakawa yana rataye da maslaharsu. Ga yadda muke ganin iyakar a nan. Abin da aka nema ƙarami ne, bai hana ka tafiyarka ba, bai hana ka sana'arka ba, bai taɓa ibadarka ba. Abin da ake gudu babba ne, an tabbatar da shi, kuma in ya auku ba ya gyaruwa. Sannan wurin da abin ke faruwa hanyar jama'a ce, wadda kowa ya hau ta ya riga ya yarda da sharuɗɗanta, kamar bin hannun dama da tsayawa ga jar wuta. Sukarin da ke cikin shayinka bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, don haka ba mu ga cewa wanda ya yarda da hula ya buɗe wa hukuma ƙofar madafarsa ba.

Na uku, doka mai kyau tana lalacewa a hannun mai zartar da ita. Maƙwabtanmu sun nuna mana. A watan Satumba na 2006, hukumomin Burkina Faso suka tashi tilasta hula a Wagadugu, garin da ya cika da babura. Matasa suka fito suka toshe hanyoyi, aka yi arangama, hukuma ta ja da baya. A ranar 1 ga Janairu 2009 Nijeriya ta fara tata, farashin hula ya yi tsalle a kasuwa, sai ga ƴan acaɓa a Kano da ƙwarya a ka, wasu da tukunya ko gwangwanin fenti, an ɗaura igiya. Duniya ta yi dariya. Amma ƙwaryar nan tana da magana a bakinta: mutumin ya gane cewa abin da ake nema gare shi shi ne ya wuce shingen ma'aikata lafiya, sai ya biya buƙatar da abu mafi araha. A ƙasar Biyetnam kuwa, kafin dokarsu ta fara aiki a watan Disamba na 2007, an ɗauki lokaci ana wayar da kai, an samar da huluna marasa nauyi da suka dace da ƙasar zafi, aka sa rana ɗaya ga kowa, kuma cikin ɗan lokaci fiye da kashi 90 cikin 100 na mahaya suka sa. Mu da muke ganin zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, ba za mu ce kukan zafi ƙarya ba ne. Haƙƙi ne a kan hukuma ta sauƙaƙa harajin shigo da hula, ta hana ta jabu wadda ke fashewa kamar ƙwai, ta fara da manyanta da ma'aikatanta, kuma ta tabbatar tara tana shiga baitulmali da takardar shaida. Duk ma'aikacin da ya maida dokar kiyaye rai hanyar cefanensa, ya ci haram, kuma ya koya wa mutane cewa dokar kanta ciniki ce. Sai dai zaluncinsa bai canza taurin kwalta ba. Wanda ya ƙi hula don ya huce haushin ma'aikaci, a kan wa ya huce?

Akwai tambayar rawani, kuma ta taso a Ingila kafin ta taso mana. Mabiya addinin Sik, waɗanda asalinsu daga Indiya ne, suna ɗaukar naɗin rawani wajibi a addininsu, kuma a 1976 majalisar Ingila ta yi doka ta ɗauke musu hular. Wannan ma yana cikin abin da ya fusata Fred Hill, wanda ya ce in an ɗauke wa wasu, a ɗauke wa kowa. Mu namu da sauƙi. Rawani ado ne na malamai da sarakai da dattawa, muna girmama shi, amma ba malamin da ya ce wanda ya tuɓe shi don tafiya ya yi zunubi. A naɗe shi a sa cikin jaka, in an sauka a ɗaura. Malamin da ya shigo harabar masallaci da hular kwano ya cire ta gaban almajiransa, ya yi wa'azin da ya fi na lasifika shiga. Mun san abin da ke hana da yawa, ko ba su faɗa ba: kunya ce, kada a ce wane ya cika tsoron mutuwa, ko a ce yana kwaikwayon Nasara. Ita kuwa mace, hular tana zama bisa hijabi ba tare da ta buɗe komai ba.

Amma duk wannan gardama, daga Mill har Fred Hill, a kan baligi ne mai zaɓa wa kansa. Ko ƙungiyoyin Amurka, galibin nasarar da suka samu ita ce a saki manya a bar dokar a kan yara. To ku dubi baburanmu. Mutum ɗaya ke riƙe da kan babur, amma bayansa ga matarsa zaune a karkace da goyo, ga yaro a kan tanki ya riƙe madubi, wani lokaci ga wani an cusa a tsakiya. Wane ne cikinsu ya zaɓa? Jaririn da ke bayan uwarsa, wanda maɗigarsa ba ta ko rufe ba, shi ne zai fara isa ƙasa in ta faɗi ta baya. Har mukan ga uba da hula a kansa, ɗansa a gaba ba komai, don uban ne ake tarewa a hanya. Malaman Malikiyya sun ɗora wa mahayin dabba alhakin ɓarnar da ta yi yana bisanta, alhali dabba tana da nata rai da nata taurin kai. Ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai ka murɗa shi? Ɗan kabu-kabu da ya ɗauki fasinja ya karɓi kuɗinsa, ya karɓi amana tare da kuɗin.

Mun san fasinjoji da yawa suna ƙyamar hular da kowa ke sawa, saboda gumi da ƙwarƙwata da cututtukan fatar kai, kuma a Nijeriya a 2009 har jita-jitar asiri cikin hula ta yaɗu ta tsorata mutane. Ta asirin ba ta da tushe, amma ta tsabta tana da shi, kuma maganinta kusa yake: ƙaramar hula ko ɗankwali a ƙarƙashi, da wanke mayafin ciki a shanya shi a rana. Ƴan kabu-kabu suna da tashoshi da shugabanni, suna tara kuɗin yau da kullum, suna yin adashi don biki da suna. Adashin hula biyu ga kowane babur bai fi ƙarfinsu ba, kuma masu hali da ke saya wa yara babur su yi aiki su kawo kuɗi, su ya fi kamata su haɗa da ita tun ranar da suka miƙa makulli. In an je saye, a danna cikin a ji farin soson nan mai tauri, a zaɓi wadda ta kama kai ba ta juyawa, yaro kuma a nemo masa daidai kansa, don ta babba rufe masa ido take yi. Sannan a ɗaure igiyar haɓa har yatsa biyu kaɗai ke shiga, domin hular da ba a ɗaure ba takan bar kai tun mutum bai kai ƙasa ba.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.